Masu Ganin Gobe Na Mbamba

A Mbamba, kamar sauran unguwannin Yola, ba a rasa wanda ya san gobe. Sai dai yawanci sai jibi yake sanar da kai.

Shugabansu shi ne Malam Dama-Na-Faɗa. Kafin abu ya faru ba ka jin komai daga bakinsa sai gyaɗa kai da "uhm, akwai magana." Ranar 16 ga Afrilun 2023, da kwamishinan zaɓe Hudu Yunusa Ari ya miƙe ya ayyana Sanata Aishatu Binani a matsayin gwamna tun ba a gama tattara sakamako ba, Malam ya daki ƙirji a teburin mai shayi, wai tun bara wani bawan Allah ya gaya masa za a kira sunan mace. A ranar hukumar INEC ta soke sanarwar, bayan kwana biyu aka ce Ahmadu Fintiri ne ya ci. Kana zaton Malam zai ji kunya? Ina! "Ai cewa aka yi za a kira sunanta. Wa ya ce maka za ta hau?" Zaɓe ɗaya, ya ci riba sau biyu.

Sai mai sana'ar da kansa, mai bugun ƙasa, wanda zaurensa ke can ƙarshen lungu. Gwaninta ce da shi, a ba shi haƙƙinsa. Zai shafe yashi, ya ɗiɗɗiga, ya yi shiru har gabanka ya faɗi, sannan ya ce akwai wani na jikinka da ba ya ƙaunar cigabanka. To wane mai dangi ne ya rasa irin wannan? Yana ganin tafiya a gabanka, alhali hawa keke daga Yola zuwa kasuwar Jimeta ma tafiya ce. Kuɗi na tafe amma akwai tsaiko, abin da kowane ma'aikacin gwamnati ya sani tun tsakiyar wata ba tare da ya biya ko sisi ba. Maganarsa babbar riga ce, kowa ya zura ta yi masa daidai. Suna da rana ne kawai ba sa fita daga bakinsa. In abin bai faru ba kuwa, laifin ragon sadaka ne, an samu ɗigon baƙi a kunnensa.

Amma rabin aikin Goggo ce ke yi masa. Da ya ce "wata mace, ba doguwa ba, ba gajera ba," sai ta zabura: "Malam, ko kishiyata ce?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ke kika faɗa, Hajiya." Ta fito tana rantsuwa har kamanninta ya zayyana. Abu goma zai faɗa, tara su sha ruwa, ɗayan da ya dace shi za ta yi ta bayarwa a gidajen suna har jikoki.

Ɗan boko mai babbar waya yana yi wa Goggo dariya, shi kuwa nasa bokan Bafaranshe ne, Nostradamus, wanda ya wallafa baitocinsa masu duhu a 1555. Kowace masifa ta auku, washegari zai turo maka a WhatsApp cewa mutumin ya hango ta. Ɗan bokon nan ne ya ce duniya za ta tashi ranar 21 ga Disamban 2012. Shi ya ce Amurka ta gama lissafi, Najeriya za ta wargaje a 2015. Kowane ƙarshen shekara yana ɗauke da jerin wahayin wani fasto ko wani shehi: babban mutum zai rasu, kasuwa za ta yi gobara, kaya za su yi tsada. A ƙasar nan, wace shekara ce ba haka ba?

Ustazun rana ba zan daɗe a kansa ba. Da hantsi yana karanto hadisin da ya ce mai zuwa wurin boka ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in, bayan isha kuma babur ɗinsa na jingine nesa da lungun mai bugun ƙasa.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne Baffa Ban-Yarda-Ba, domin saura ƙiris mu zama jam'iyya ɗaya. Bai yarda da mai duba ba, madalla. Amma ya haɗa har da hasashen damina na hukumar NiMet, da gargaɗin cewa Kamaru za ta saki ruwan madatsar Lagdo cikin Binuwai, ya zuba a kwando ɗaya. "Su ne Allah?" in ji shi. Ba wanda ya ce su ne. Sai dai nasu hasashen yana zuwa da sunan kogi, da wata, da jerin ƙananan hukumomi, in sun yi kuskure kowa zai gani. An ga ruwan 2012, an ga na 2022, Baffa na nan ya ƙara ɗaki a kan hanyar ruwa. Goggo ma da ta sayar da akuya saboda mace marar suna, ba ta ɗaga ko katifa ba saboda Lagdo.

Don Allah jama'a, in aka ce an buɗe madatsar, a kwashe kaya a hau tudu. Wanda kuma ya hango zaɓen 2027, a ba shi takarda da biro tun yanzu ya rubuta suna, ya sa hannu, a kai wa mai unguwa ya ajiye.