A Gaida Garantin Batir

Duk wanda ya ce amana ta ƙare a kasuwanci, ya zo Amurka ya sayi batirin mota a ɗaya daga cikin manyan kantunan nan da ake tura amalanke a cikinsu. Zai ga mutunci. Tun kafin ya sa hannu a aljihu, ga alkawari nan an manna a jikin batir da manyan baƙaƙe: shekara uku, in ya mutu a sake maka wani kyauta. A ina ka taɓa ganin haka? Ni da na taso ina raka kawuna sayen batir a Ƙofar Ruwa, iyakar abin da mai shago zai yi shi ne ya ɗauki ƙusa ya karce kwanan wata a murfin, ya ce, "Alhaji, in ya ba ka matsala ka dawo da shi." Magana ce ta fatar baki, ba takarda, ba lauya. Ƙauyanci ke nan. Abin kunyar ma, in ka mayar ɗin, sau da yawa sai ya karɓa.

Nan kuwa komai da tsarinsa. A fara da sunaye, don kowane kanti ya raɗa wa batirinsa suna irin na 'yan dambe. Na Walmart shi ne EverStart, wato mai tashi kullum. Na AutoZone Duralast, sarkin ƙarko. O'Reilly na da Super Start, Costco na sayar da Interstate. Advance Auto Parts kuwa DieHard yake ji da shi, mai wuyar mutuwa, sunan da kamfanin Sears ya fito da shi a 1967, aka kuma saye shi a ƙarshen 2019 a kan dala miliyan 200. Sunan fa aka saya a wannan kuɗi, ba masana'anta ba. In mutum ya tsaya gaban kanta yana karanta irin wannan kirari, sai ya ji nauyin tambayar ko abin yana mutuwa.

Sai adalcin da aka yi wajen rabon alkawarin. Yawanci mai araha shekara ɗaya ake ba shi, na tsakiya biyu, babba uku, wani ma huɗu. Kowa da gwargwadon aljihunsa, ba a bar talaka a baya ba, an dai rage masa kwana. Masu baƙin ciki cewa suke yi wai kuɗin garantin tun farko an cusa shi cikin farashi, wai kai ne ka biya kuɗin kyautar da za a yi maka, kamar wanda ya shiga adashen da ba a kwasa sai in gidan mutum ya ƙone. Ni ban saurare su. Ko da kuɗinka ne, ai an yi maka hidimar riƙewa.

Akwai wani yayanmu mutumin Maraɗi a nan Columbus, jihar Ohayo, dattijo mai lissafi, wanda ya ɗauki kwatanta garantin nan kamar karatun ilimi. Asabar uku ya kwashe yana zagaya kantuna da ƙaramin littafi, yana rubuta wa ya ba da wata 24, wa ya ba da 36, wa ke ɗaura maka batirin a mota kyauta, wa ke cewa ka ɗaura abinka, wa kuma sai kana da katin zama ɗan kantin kafin ka shiga. Man da ya ƙona a wannan bincike ban tambaye shi ba. Ranar da ya kammala ya nuna mini jadawalin, layi-layi da jan biro da shuɗi, ya ce, "Ƙanena, wanda bai kwatanta ba shi ake cuta." Na ce, "Haka ne, Yaya."

Abin da ban so in faɗa masa ba, don kada in rage masa jin daɗi, shi ne yawancin batiran da ya sha wahalar kwatantawa 'yan gida biyu ko uku ne. Akwai Clarios, wanda a da reshen batir ne na Johnson Controls kafin a sayar da shi a 2019. Akwai East Penn a jihar Pensilbaniya. Akwai Stryten, wanda ya gaji masana'antun Exide na Amurka a 2020. Su ke ƙera mafi yawan abin da ke kan kantocin nan, kanti ya manna takardarsa mai kala. Ba wai babu bambanci ko kaɗan ba, wani ya fi wani ƙarfin tayar da inji, wani ƙirarsa ta fi jure girgiza. Amma sau da yawa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, riga kawai aka sauya. Wannan ma alheri ne: an raba mu da haɗarin zaɓen kuskure, ba tare da an hana mu daɗin zaɓe ba.

Inda na fi sara wa masu rubuta garanti shi ne sanin lokaci. Batirin mota tsohon abu ne, tun 1859 Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro irinsa, kuma har yau asalinsa bai canja ba: faranti-farantin dalma a cikin ruwan batir, a na mota ɗaki shida, kowane ɗaki bolt biyu da ɗan kai, a haɗa a kira shi mai bolt 12. Abin da aka shekara fiye da 160 ana ƙerawa, ai an san ranar ajalinsa. Ƙungiyar masu motoci ta AAA tana cewa yawanci yakan yi shekara uku zuwa biyar. Yawancin garanti kuma shekara uku ne ko ƙasa da haka. Ka ga hikima? Aboki ne da zai zauna tare da kai duk tsawon lokacin da kake da lafiya, ranar da ka fara tari ya yi maka sallama cikin ladabi, don kada ya takura wa masu jinya.

Kuma batir ba ya mutuwa a ranar da aka ji labarin mutuwarsa. Zafin bazara ne ke cin dalmar cikinsa a hankali, yana ƙafar da ruwan. Gajerun tafiye-tafiye, daga gida zuwa masallaci zuwa kanti, ba sa barin injin ya mayar masa da cajin da ya ci wajen tashi. Sai hunturu ya zo, man inji ya yi kauri, batirin ya yi sanyin jiki, ka murɗa makulli da asuba ka ji ƙas-ƙas-ƙas. Zafi ke kisan, sanyi ke sanar da rasuwar. Shi ya sa lambar da ake rubutawa a jikinsa ta ƙarfin tashi, a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri ake auna ta, na tsawon daƙiƙa 30. Motocin nan kuma kusan duk masu atomatik ne, balle ka kira yaran unguwa su tura, in ma akwai yaran.

Ga waɗanda suka fi son lissafi, akwai wani nau'in garanti da ya fi kowanne ladabi, wanda ake rage maka kuɗi gwargwadon watannin da suka saura. A ce ka sayi batir dala 180 da alkawarin wata 36 irin wannan, ya mutu a wata na 30. Sai a ce ai ka mori wata 30, dala biyar kowane wata, ka ci dala 150 ke nan. Saura 30. Ba za a ba ka ita a hannu ba, kada ka je ka ɓarnatar. Za a cire maka ita daga kuɗin sabon batir, a kantin da ya sayar maka da wanda ya mutu, kuma a wasu wuraren a farashin yau, ba na shekaranjiya ba. Wato ba haya ka san ka shiga ba, amma ashe haya ce, kuma an taimake ka da zaɓen inda za ka sake kama ɗaki.

Shi Yaya mai jadawali, Allah ya ba shi sa'a, nasa ya mutu a wata na 33, aka ba shi sabo fil ba ko sisi. Har shayi ya dafa mana. Sai daga baya ya karanta bayan takardar, ya ga sabon ba shi da nasa shekara ukun, ragowar kwanakin marigayin ya gada, wata uku cif. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ƙanena, ashe magaji ba ya wuce abin da aka bari." Ko malaman rabon gado sai haka.

Nawa ya zo ne a wani Janairu, dusar ƙanƙara har gwiwa. Wani maƙwabci ya jona mini da wayoyinsa motar ta tashi, na nufi kantin da na saya, wanda ba zan ambaci sunansa ba don kada yabon ya yi masa yawa. Na ciro rasit daga aljihun gaban mota, inda na adana shi wata 31. Fari tas. Irin takardar nan ce mai santsi da zafi ke rubutu a kanta, zafi kuma ya goge. Sai ɗan inuwar tambarin kantin a sama, kamar zanen da aka wanke sau ɗari. Dubi fasaha: alkawarin shekara uku, a kan takardar da bazara biyu ke shafewa. Wa ya taɓa rufa wa mutum asiri irin haka?

Yaron da ke kan kanta, saurayi mai fara'a, ya ce kada in damu, za su nemo ni da lambar waya. Na ba shi. Ya ce babu. Na tuna na canja layi, na ba shi tsohuwar, sai ga ni. Na ji kamar an saki ɗan'uwana daga kurkuku. Ya ce saura gwaji. Na kwance batirin da sifana a filin ajiye motoci, yatsuna sun sandare, na rungumo shi kamar jariri mai nauyin kilo ashirin, na ɗora a kanta. Ya maƙala masa wayoyi biyu, ja da baƙi, na'urar ta yi tunani, ta fitar da 'yar takarda. Ya ce, "Yallaɓai, albishirinka, batirinka lafiya lau, caji kawai yake so." Na ce to ai mota ta ƙi tashi kwana uku a jere. Ya ce shi ma ya yarda da ni, amma garanti bai shafi batirin da caji ne kawai ya sauka ba, kuma sai abin da na'ura ta faɗa. Na bar shi a caji awa biyu ina zagaya sashen tayoyi, na mayar da shi mota. Ya yi kwana tara.

Da na koma, na'urar ta amince ya rasu. Na yi hamdala. Sai yaron ya leƙa ta tagar gilashi ya hango motata, ya ga 'yar alamar motar haya a jikin gilashin gaba. Ya ce, "Yallaɓai, kana ɗaukar fasinja da ita ne?" Na ce ƙarshen mako kawai, ana ɗan taɓawa. Fuskarsa ta cika da tausayi na gaskiya. Ya jawo takardar sharuɗɗa, ya sa yatsa a wani layi da sai da na cire tabarau na goge kafin in gani: motar da ake sana'a da ita ba ta cikin alkawarin shekara ukun. Haka wadda aka sayar wa wani, haka batirin da ya daskare, haka wanda injin motar ya yi wa cajin da ya wuce kima. Na duba jerin nan da kyau, na ga kusan duk hanyoyin da batir ke bi ya mutu an lissafa su. Wanda ya mutu don ra'ayin kansa, a motar da ba ta zuwa ko'ina amma kuma ba ta zaune, shi ne za a biya.

Kada wani ya ce an ɓoye mini. Doka ma tana bayan mai saye. Tun 1975 aka yi dokar Magnuson da Moss, wadda ta wajabta a rubuta ƙarara ko garanti cikakke ne ko mai iyaka, a kuma bari mai saye ya karanta kafin ya biya. Na koma na duba, ga kalmar nan a sama: mai iyaka. Sun faɗa. Ni ne na ga lamba 3 mai girman tafin hannu, na ƙi karanta rubutu mai girman ƙwayar gero. In kuma ana maganar hukunci, ai an taɓa yi: a 2001 wani reshen kamfanin Sears ya amsa laifin zamba a kotun tarayya kan batiran DieHard da Exide ya ƙera masa a tsakiyar shekarun 1990, aka ci shi tarar dala miliyan 62.6. Su ma waɗancan kowanne da kirarinsa a jiki.

Na sayi sabo a nan take, don ba ni da ƙarfin da zan sake ɗaukar gawa zuwa wani kanti. A nan ma aka yi mini karamci na ƙarshe. Akwai kuɗin jingina da ake ɗora wa sabon batir, ba a cire shi sai ka kawo tsohon, saboda ana narka dalmarsa a sake ƙera wani. Tunda nawa yana kan kanta, aka yafe mini. Yaron ya ɗauke shi da hannu biyu ya kai baya, ya ce in wuni lafiya. Watakila nan da 'yan watanni ya dawo kan kantar da sabuwar riga da sabon alkawari, wani bawan Allah ya rubuta shi a jadawali.

Mai shekara uku na sake saye. Rasit ɗin na yi masa hoto a waya, na buga kwafi uku, ɗaya na ba uwargida ta sa cikin jakar da muke ajiye fasfo. Alamar gilashin na ɓanɓare ta. Abin da ya rage sai addu'a, kuma ita nake roƙon mai karatu ya taya ni: in dai batirin nan zai mutu, Allah ya sa ya mutu da ƙuruciyarsa, kafin wata na 36, kuma a ranar da na'urar ke cikin farin ciki.