Ga Hula, Ga Riga, Ina Aikin?

Na san da ku, masu karatu kuna taɓe baki. Tun ban ce uffan ba kun yanke hukunci, ba sauraron shaida, ba damar ɗaukaka ƙara: wai a ƙasar nan sabon lauya ba ya samun aiki sai ɗan wane da wane. To, masu girma alƙalai, a bar ni in yi magana.

Da kai zan fara, Baba, tunda aljihunka ne ya sha wuya. Lissafinka daidai ne. Shekara 5 a jami'a, in malamai ba su tafi yajin aiki ba, shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, ko Bwari ko Bagauda ko Yola ko Legas, sannan bautar ƙasa. Ka sayi hular gashi da baƙar riga, an je Abuja an yi hoto, an rataya a falo. Yanzu ga Barista kwance a kujera yana latsa waya, kai kuma kana cewa, "Wai ba an ce lauyoyi kuɗi gare su ba?" An ce, Baba. Sai dai wanda ya faɗa maka motar SAN, wato Babban Lauyan Nijeriya, ya hango. Tun 1975 da aka fara ba da wannan muƙami ga Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas, na ƙasaitattu ne, kuma ba a ko duba takardar mutum sai ya shekara 10 da zama lauya. Kujerar alƙalin babbar kotu ma shekara 10 tsarin mulki ya gindaya, kotun ɗaukaka ƙara 12, kotun ƙoli 15. Sana'ar nan da kanta ta rubuta a doka cewa ba ta gaggawa. Kai ne dai ba a karanta maka wannan sashen ba kafin ka sayar da bijimin.

Kai kuma Barista, daina murmushi, kanka na dawo. Ka ce ka aika takardar neman aiki manyan ofisoshin Ikoyi da Maitama, shiru kake ji. Madalla. Su waɗannan 'yan ƙalilan suke ɗauka, da jarrabawa da tankaɗe da rairaya, kuma kowa can ya nufa. Ni tambayata ɗaya ce: lokacin da makarantar lauyoyi ta tura ku zaman koyo, makonni a kotu, makonni a ofishin lauya, me ka yi? Kar ka ba ni amsa, na sani. Ka leƙa, an sa maka hannu a littafi, ka wuce ɗaurin aure. To, wannan ita ce intabiyu mafi tsawo da za a taɓa yi maka, ka yi ta ba ka sani ba. Oga bai ce komai ba, amma ya ga wanda ke riga masinja zuwa, ya ga wanda aka ba tulin fayil da yamma ya dawo da safe ya san abin da ke ciki. In kujera ta samu, wancan zai kira, kai ko sunanka bai riƙe ba.

Kuma bari in gaya maka aikin da kake nema, don na ga alama fim ya ɓata ka. Ba za ka miƙe ka girgiza kotu mutane su yi kabbara ba. Fayil za ka ɗauka. Za ka je wurin rajistara ka shigar da takardu, a ce shafi ɗaya babu sa hannu, ka koma. Za ka bi mai kai sammaci kana lallashi. Ranar da za ka fara buɗe baki gaban alƙali, abin da za ka ce bai wuce maigidanka yana kotun ɗaukaka ƙara ba, ana roƙon a ɗage shari'a. Kafin ma a zo kanka, manya sun gama nasu, domin SAN kujerar gaba yake zama kuma shi ake fara saurare. Kai kana can baya tun tara na safe har azahar, gumi na bin wuyan farar riga. Masu wayo a wannan zaman suke koyon yadda ake tambayar shaida har ya warware maganarsa da bakinsa, da abin da ke harzuƙa wannan alƙali, da abin da ke sa wancan ya ajiye biro. A nan ne kuma wani babban lauya zai waiwayo ya ce, "Ƙanena, riƙe mini wannan ƙarar, ina da wata a sama." Da yawa daga wannan 'yar alfarma suka samu maigida.

Na ji wani daga can baya yana cewa, "Duk mun ji, nawa za a biya?" A nan kam ba ni da bakin musu. Alawus ɗin ɗan bautar ƙasa ya koma naira 77,000 a 2025, kuma akwai ofisoshin da abin da suke ba sabon lauya bai kai haka ba, wasu ma kuɗin mota ne kawai da "Allah ya yi albarka". Saboda haka ranka ya daɗe, babban lauya, kai ma ina ganinka kana gyara tabarau. "Mu ma haka muka taso" ba hujja ba ce, kai kanka ba za ka yarda abokin gaba ya kawo ta a kotu ba. Ka je kotun ma'aikata ka yi ta ɓaɓatu a kan haƙƙin lebura, ka dawo ofis ka miƙa wa wanda ya kwana yana rubuta maka jawabin abin da bai isa cefanen mako ba. A ji tsoron Allah, a ƙara wa yaran nan.

Batun ƙafa kuwa, wa ya ce babu? Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, a kowace sana'a. Amma ku lura da wani abu. Aikin lauya aikin ƙirga kwanaki ne. Ƙarar zaɓe kwana 21 ake ba mutum ya shigar bayan an bayyana sakamako, in ya wuce, ta mutu ko da gaskiyarsa ta kai Dala girma. Kawu sanata zai iya sama wa ɗan'uwansa tebur da kujera, amma ba zai zo ya ƙirga masa kwanakin ba. Duk ofishin da ya ɗauki ɗan alfarma, sai ya nemi wani wanda zai yi aikin. Wannan kujera ta biyu nake nuna muku.

Akwai kuma ƙofar gwamnati. Tsohon Alƙalin Alƙalan Nijeriya Muhammadu Lawal Uwais a ma'aikatar shari'a ta Jihar Arewa ya fara a 1964, a matakin ƙaramin lauyan gwamnati mai koyo. Aloma Mukhtar a wannan matakin ta fara a 1967, ta zo ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 2012. Za ku ce ai wancan zamani ne, lokacin da lauyoyin Arewa ba su da yawa. Gaskiyarku. Makarantar lauyoyi da ɗalibai 8 ta buɗe a Legas a 1963, yau dubbai ake yayewa duk shekara. Amma ma'aikatun shari'a na jihohi suna nan, Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976 tana nan, kuma ana tura lauyoyi 'yan bautar ƙasa can. Wanda ya roƙi a sauya masa wuri zuwa inda ba a aiki don ya huta, kada ya zo yana mana kuka.

Banki da kamfani ma suna ɗauka, albashin ya fi kauri. Sai dai a sani, ƙa'idar sana'a ta hana lauyan da ke cin albashin kamfani tsayawa a kotu a madadin kamfanin, don haka hular nan za ta daɗe a akwati. In zuciyarka na kotu, yi tunani.

Ke kuma Barista, da kika yi shiru kina cewa ke ba ki san kowa ba, kin manta jarin da ke hannunki. Kin karanta dokar Bature haɗe da shari'ar Musulunci a Zariya ko Kano ko Sakkwato, kin san inda tumuni yake komawa rubu'i, kin san wa ke katange wa a gado. Matar da aka danne wa rabonta, ko aka hana ta ganin 'ya'yanta, wa kike ganin za ta buɗe wa cikinta, ke da za ki ce "Sannu Inna, zauna", ko wanda sai an nemo masa tafinta? Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma masu irin wannan karatun suke buƙata. Abu ɗaya dai, da ke da Baristan ɗazu: ba a tallan lauya kamar maganin basir a tasha. Doka ta hana farautar masu ƙara, kuma wanda ya saba tsayuwa a ƙofar kotun majistare yana tare 'yan'uwan waɗanda aka kawo daga caji ofis, sunan ba ya saurin goguwa.

Saura ku, 'yan majalisar ƙofar gida, masu cewa lauya maƙaryaci ne, kuɗinsa ma akwai alamar tambaya. Ku ne dai da ƙarfe sha biyun dare in an kama yaronku za ku buga wa Barista waya, "Ɗana, taimaka." Ku ne za ku sayi fili na miliyoyi, ku ba dillali la'adarsa cas ba gardama, sannan ku kawo wa Barista yarjejeniya ya rubuta "don zumunci". Shekara bakwai ya yi yana koyon abin da zai hana a sayar muku da fili ɗaya ku uku. Ku ba shi aikin, ku tambaye shi nawa ne, in ya faɗa kuma kada ku ce ai kun san shi tun yana yawo ba wando.