Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Mota Mai Tuƙa Kanta

Zuwa ga
Hajiya Mota Mai Tuƙa Kanta,
Ta hannun masu ita,
Kalifoniya, ƙasar Amurka.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar tayoyi da ta batir, da fatan caji bai yanke miki ba, amin. Dalilin rubuto miki wannan takarda shi ne labarinki ya iso mana nan Tambuwal da Kebbe ta cikin wayoyin yara. An ce kina yawo a biranen Finiks da San Faransisko kina ɗaukar fasinja, sitiyari yana juyawa ba hannun kowa a kai, kuma ko ɗigon fetur ba ki sha. Tun daga lokacin gardama ba ta mutu ba a majalisun shayi: wasu sun ce saura ƙiris ki iso, wasu sun ce sai jikokinmu. Na ga gara in sanar da ke halin da garin yake ciki tun kafin ki ɗaure kaya, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko ki kwantar da hankalinki, kina da dangi a nan. Jelani Aliyu, wanda ya zana siffar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, asalin gidansu Dogon Daji ne, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. An nuna wa duniya samfurin motar a Ditiroyit a 2007, ta shiga kasuwa a ƙarshen 2010. Da ya dawo gida ya shugabanci hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci, a hannunsa aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana ta farko a Najeriya, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, cikin Afrilun 2021. Saboda haka idan kin zo ba za a ce miki bare ba. Sai dai ki lura da halin ita wannan yaya taki Volt: tana tafiyar kimanin kilomita 60 da batir, in ya ƙare sai wani ɗan injin fetur da ke cikinta ya tashi ya ci gaba da ba ta wuta. Wato da janaretonta take yawo. Ko ba a gaya mana ba, mun san mai hankali ce.

To, mu zo kan cimarki. An ce ke wuta kike ci. Hajiya, mu ma ita muke nema. A 2024 babban layin wutar ƙasar nan ya sha durƙushewa har mutane suka daina ƙirgawa, kuma akwai ƙauyukan da turakun wuta suka tsufa a tsaye ba su taɓa ɗaukar komai ba sai tsuntsaye. Waccan tashar caji ta jami'a kuwa, tsakaninta da Tambuwal akwai kimanin kilomita 100, sai kin ratsa Dogon Daji da Shagari da Boɗinga. Daga Kebbe sai ki ƙara wata tafiyar a kai. Za ki je cin abinci, kafin ki dawo gida rabin abin da kika ci ya narke.

Rana kam Allah ya hore mana, har ta yi yawa. Bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Batirin Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya fara haɗawa a Legas a 2020, yana ɗaukar yunit 64 na wuta. Farantin sola mai wat 400 yana ba da kamar yunit biyu a yini. Kenan kafin a cika cikinta tsakanin fitowar rana da faɗuwarta sai an jera mata faranti talatin da 'yan kai. Kuma ranar da za ta ciyar da ke ita ce za ta tsufar da ke, domin batirin litiyam ba ya shiri da zafi, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu awon zafi yana haura digiri 40 ko gezau ba ma yi.

Sai batun idanunki. Na ji an ce kina da kyamarori da rada da wata na'ura a tsakar ka mai harba haske tana auna nisan kowane abu, kuma kafin a sake ki a gari sai an bi titunansa lungu-lungu an zana miki taswira. Madalla. Amma ko kin taɓa gamuwa da hazon hunturu, ranar da direba ba ya hango tirelar da ke gabansa sai fitilunta? Sannan kin saba bin farin layin da aka shata a kan kwalta. A nan hannun da ya fi lafiya shi ne hannun kowa. Direba yakan bar nasa ya koma na mai zuwa don kauce wa rami, shi ma mai zuwan ya san da haka, sai su gaisa da fitila kowa ya wuce. Taswirar da aka zana miki da rani kuma, ruwan Agusta ɗaya ya isa ya mayar da ita tarihi. Hanyar da za ta kai ki fadamar Kuchi ɗauko shinkafa takan sauya wuri daga damina zuwa damina.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne labarin 2023, da wasu mutanen San Faransisko masu adawa da ke suka gano cewa in an ɗora miki robar nan mai tsini ta gefen titi a kan bonet, sai ki ƙame a wurin kamar an dasa ki. Roba ɗaya! Ina ga kin tarar da gungume da tsohuwar taya da ganga an gitta a hanya, ga mutum tsaye yana cewa, "Direba, yaya aiki?" Wannan tambaya ba labarin aiki take nema ba, kuma ba na jin malamanki sun koya miki amsarta.

A nan ne nake so ki saurara da kyau. Masu ƙera ki sun ɗauka aikin direba shi ne juya sitiyari da taka birki. A tashar Tambuwal wannan shi ne mafi ƙanƙantar aikinsa. Shi ne mai kai saƙon magani ga tsohuwa a ƙauye, ya karɓo kuɗin albasa daga Aliero ya damƙa wa mai su ba ko sisi da ya yi ciwon kai. Shi ke sasanta mutum huɗu a kujerar mutum uku, ya san wace Inna ce ba a karɓar kuɗinta. In akuya ta tsaya a bakin titi, daga yadda ta karkata kunne ya san ko za ta tsallaka. Ranar kasuwa, tsakanin raƙumi da amalanke da ɗan kabu-kabu mai buhu uku, da ido da hon ake yin ciniki kan wa zai fara wucewa. Mafi girma duka, kafin ya tayar da mota yakan tambayi wanda ya shigo yanzu, "Lahiya hanya?" A wannan zamani na 'yan bindiga, amsar wannan tambaya ita ke raba wanda zai kwana gida da wanda za a tara wa kuɗin fansa. Wane tauraron ɗan Adam ne zai gaya miki kada ki bi wani daji bayan la'asar?

Akwai kuma maganar alhaki. A Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, wata 'yar'uwarki ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata da ke tura keke tana tsallaka titi da dare, ta mutu. Masu bincike sun gano na'urar ta hango ta, amma ta yi ta sauya ra'ayi, ko mota ce, ko keke ne, ko wani abu ne daban, har lokaci ya ƙure. Daga ƙarshe ma'aikaciyar da aka zaunar a kujerar direba aka gurfanar, kamfanin bai shiga akwatin tuhuma ba. A Oktoba 2023 wata ta kamfanin Cruise ta ja wata mata a ƙasa kusan mita shida a San Faransisko, hukuma ta janye izininta. Mu a nan kisan kuskure yana da diyya, tunkiya ma in an take ta sai an zauna gaban mai gari. Idan kin yi ɓarna, wa zai cire takalmi ya durƙusa ya ce a yi haƙuri? Wa zai zo zaman makoki?

Kada ki ce ƙiyayya ce, gaskiyarki ma zan faɗa. Ba ki gyangyaɗi, ba ki amsa waya kina gudu, ba ki haɗiyar ƙwaya don ki yi sawu biyu a dare ɗaya, ba ki tsere da wata motar don rigen fasinja. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ƙirga sama da mutum 5,000 da suka mutu a hanyoyinmu a 2024 kaɗai, akasari saboda gudu da ganganci. Masu cewa batirinki yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa sun yi gaskiya, amma su tuna da Majiya ta jihar Jigawa, inda tankar fetur ta hallaka fiye da mutum 150 a Oktoba 2024. Abin da muke zuba wa motocinmu yau ma ba ruwan sanyi ba ne.

Sirrin lafiyarki kuwa mun daɗe da saninsa. Jakin manomi yakan dawo da shi gida daga gona yana barci a kansa, don hanya ɗaya ya sani, kullum ita yake bi, kuma ba ya sauri. Ke ma haka aka yi miki: unguwannin da aka haddace miki, titi mai layi da alama, doka mai aiki. A ba direbobinmu irin wannan titin a ga ko rabin haɗurran ba su kau ba tun kafin ki iso.

Ga shawarata. Ke ki dakata tukuna, ki turo mana ƙannenki. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, ɗan kabu-kabu yana wuni yana yi wa gidan mai bauta. Mashin mai batir faranti biyu ko uku sun ishe shi. A Kwatano da Lome da Kigali tuni masu haya suke shiga shago su ajiye batirin da ya ƙare su ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya nuna ana iya haɗa bas mai lantarki da hannun yaran gida. Masu shagon cajin waya da sola suna kowace kasuwa tamu, manoman fadama sun fara jan ruwa da hasken rana, makanikanmu kuma in sun ga cikin abu sau biyu sun gama da shi. A ba mu mashin da keke Napep da ƙaramar bas masu caji, a bar mana ɗan Adam a bakin sitiyari.

In kuma kin dage sai kin zo da kanki, to ki taho da ɗaga ƙafa don gindinki ya yi ƙasa da yawa, da hon mai ƙarfi don an ce tafiyarki ba ƙara, kajinmu kuwa da kunne suke tsallaka titi. Ki kuma tanadi kuɗin tikitin yuniyon, domin ɗan kamasho ya riga ya ce ko da direba ko babu, mota ba ta lodi a tasharsa kyauta.

Ki gaishe da mutanen gidan, musamman masu tura ki in caji ya ƙare.

Wassalam.

Naki mai fatan alheri,
Wani fasinjan kujerar baya,
Tashar mota, Tambuwal.