Sharhin Littafi Daga Cikin Leda

Makon nan ma ba a fasa ba. An taru a wani zaure mai sanyi an ƙaddamar da littafi, aka ba wani babban malami minti ashirin ya yi sharhi. Ya gyara babbar riga, ya ɗaga littafin sama, ya sanar da jama'a cewa yana da shafi kaza da babi kaza, bangonsa kore ne, hoton marubucin kuma ya fito ras. Aka yi tafi. Littafin kuwa yana nan a naɗe cikin ledar da maɗaba'a ta rufe shi da ita, ko farce bai taɓa ta ba. Yadda aka yi malam ya san yawan shafukan, sai dai a tambayi marubucin da ya tare shi a bakin ƙofa.

Ni dai ina ganin lokaci ya yi da za a ba ledar nan haƙƙinta. Ita ce ke kare littafi daga ƙura, da gara, da man gyaɗa, da kuma babban maƙiyinsa, wato mai karatu. Ita ce ke kare mai sharhi ma, domin wanda ya karanta littafi bakinsa nauyi yake yi. Zai ce babi na uku ya yi kyau amma na huɗu ya ja da baya, ya yi ta inda-inda yana neman adalci. Wanda bai buɗe ba kuwa, tsaye yake kyam, ya ce wannan aiki ya cike giɓin da aka daɗe ana kuka da shi. Wane giɓi? Oho. Da za a ƙidaya giɓin da aka cike a zaurukan Kano da Kaduna, da yanzu babu ramin da ya rage ko a kan titi. Kamata ya yi a riƙa buga sunan mai ledar a bango kusa da na marubuci, tunda aikinsa ne kaɗai kowa ya gani daga farko har ƙarshe.

Kada a ce ciwon na manya ne kawai. Je teburin mai shayi ka ji dattijo yana kukan yaran yanzu ba sa karatu, su kuwa sun sha Magana Jari Ce. Abubakar Imam juzu'i uku ya rubuta, amma abin da ya rage a kan dattijon shi ne akwai aku. Tambaye shi sunan sarkin, ko wane ne Musa wane ne Mahmudu, sai ya tuna ana jiran sa a gida. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 littattafai biyar ta fitar. Kowa na iya kawo Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, mai ƙoƙari ya ƙara Ganɗoki da Jiki Magayi, amma Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo sai dai ya yi haƙuri.

Za a ce ai mu mutanen baka ne, ji ma karatu ne. Na yarda, kuma hujjar tana kaina. Matan da ke sauraron littafi a rediyo, da waɗanda ke karɓo haya a wajen mai shago, sun san sunan kishiya da na uwar miji, sun san inda marubuciya ta manta ta kashe wani sannan ta dawo da shi ɗaurin aure. In suka zauna, gardama ce ta gaske, da hujja. Su ne masu sharhin da muke da su, kuma su ne aka fi rainawa. Tun da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, ake samun masu yanke wa littattafan soyayya hukunci suna alfaharin ba su taɓa ɓata lokacinsu a kansu ba. Masana irin su Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da suka yi ta muhawara a jarida kan Adabin Kasuwar Kano, aƙalla sun karanta abin da suke ja a kai. A 2007 har cinna wa tarin littattafai wuta aka yi a Kano, kuma wannan sharhi ne da ba ya buƙatar a buɗe ko shafi ɗaya.

Wani kuma zai ce taron ƙaddamarwa ba ajin adabi ba ne, neman kuɗin maɗaba'a ne. To, ina kuɗin? Babban mai ƙaddamarwa, wanda bai samu zuwa ba saboda wani uzuri, ya aiko wakili ya sayi kwafi ɗaya a kan miliyan biyar. Maroƙi ya wasa shi, 'yan jarida suka rubuta. Washegari marubuci ya fara sintiri: yau Alhaji ya tafi Abuja, gobe yana Umara, jibi yana ciki amma yana hutawa. Kafin wata shida mai gadi ya san shi, ya san sunan 'ya'yansa, har yana ajiye masa benci a inuwa. Kuɗin acaɓa ya cinye ribar bugun farko, mai maɗaba'a kuma ya riƙe sauran kwafin sai an biya shi. A ƙarshe a fito masa da dubu ashirin a ambulan, tare da saƙon cewa Alhaji ya ji daɗin littafin ƙwarai, musamman ƙarshensa.