Mahayan Dajin Bob Marshall da Rigimar Wurin Kwana

A jihar Montana da ke arewacin Amurka akwai dajin Bob Marshall, fili ne da ya haura eka miliyan ɗaya, wanda wata doka ta 1964 ta haramta wa mota da babur, har da keke. Mai son shiga ko ya taka sayyada ko ya ɗaura sirdi. Daga watan Yuli, idan dusar ƙanƙara ta narke a kan duwatsu, ayarin dawaki da alfadarai sai su ɗauki hanya. Tafiyar yini lafiya lau ake yinta. Sai la'asar ta yi sanyi an ce ina za a sauka, a nan halin kowa ke fitowa, alhali dabbobin ciyawa da ruwa kawai suke nema.

Mai kyamara ne ke fara magana. Shi tun daga gida ya ƙudurta sai ya kwana a gindin dutsen nan da ake kira Katangar Sin, mai tsayin kusan ƙafa 1,000, don ya ɗauki hoton fitowar rana. A ce masa hukumar gandun daji ta hana kafa tanti a gindin dutsen saboda ƙafar mutane da kofato sun cinye ciyawar wurin, sai ya ce to a ɗan matsa gefe. A tambaye shi me doki zai ci a gefen, sai ya nuna maka yadda haske ke sauka a kan dutse.

Mai kaya kuwa ko'ina aka sauka bai damu ba, in dai wurin zai ɗauki murhun ƙarfe da tebur da kujerun naɗewa da katifa. Doka ta ce ayari kada ya wuce mutum 15 da dabba 35, shi kuma ya fahimci cewa an umarce shi ya cika 35 ɗin.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne mai amana da dokinsa. "Wannan ai ɗana ne," in ji shi, "ko na sake shi ba inda za shi." Ba turke, ba dabaibayi, ragamar ma ya cire don kada ta dame shi. Da asuba sai ka gan shi tsaye da kofin gahawa, yana fito yana duban fili. Ɗan nasa ya bi sawun jiya tun tsakar dare, ya nufi Benchmark inda aka bar motoci, domin can ya san akwai hatsi. Abin haushin, bai tafi shi kaɗai ba, ya ja biyu. Masu sana'ar jan ayari sun san ko dabaibayi bai isa ba: doki mai wayo yakan haɗa ƙafafun gaba ya riƙa tsalle, ya ci mil da yawa kafin gari ya waye. Shi ya sa suke ɗaure goɗiya guda, su rataya mata ƙararrawa, don alfadari ba ya yin nisa da goɗiyar da ya saba da ita. Mutumin namu ya ji wannan bayani tun a bakin hanya, ya ce ai na masu mugun doki ne. Yanzu ga shi da linzami a kafaɗa, yana bin kashin doki kamar mai cigiyar akuya ranar kasuwa.

Akwai malamin doka, mai auna tazarar tanti da bakin tafki da taku. Takardar shaidar cewa ingiricinsa ba shi da irin muguwar ciyawa tana aljihun gaba. Ka ɗaure doki a jikin bishiya, kafin ka juya ya iso: doki zai tone saiwa, ya ɓare ɓawo, a ja igiya tsakanin bishiya biyu a ɗaure shi a tsakiya. Da safe shi ke bi yana watsa kashin dawaki da ƙafa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma dalilin da ya sa ba mai son zama kusa da shi a bakin wuta ke nan.

Matsoracin beyar ba ya barci. Dajin gidan manyan beyar ne masu tozo, don haka ka'ida ce a rataye abinci ƙafa 10 daga ƙasa, ƙafa 4 daga jikin bishiya. Ya rataye, ya sauke, ya sake ratayewa. Doki ya yi atishawa, ya zaro gwangwanin feshin barkono. Cakulan ɗin da ya manta a aljihun wandonsa kuwa da shi ya kwana.

Sai tsohon hannu, wanda kowane fili aka nuna masa zai taɓe baki ya ce akwai wanda ya fi shi "nan gaba kaɗan". Filin da yake nufi ya san shi ne tun kafin gobarar da aka yi a dajin a 1988. A bi shi, sai a tarar da gungumen da ya faɗo ya tare hanya, ga shi zarto mai inji haramun ne a dajin, dole mutum biyu su kama dogon zarton hannu, wannan ya ja wancan ya ja. A tsallake na farko, a ci karo da na biyu. Can bayan duhu a sauke kaya a kan tsakuwa, ba ciyawa, sauro ya yi maraba da baƙi. Shi kuwa ya kunna lofensa, ya dubi jama'a ya ce da an ƙara haƙuri kaɗan da an isa.