Wanda Aka Ci Ya Miƙa Hannu

Mu dai a Birnin Gwari, kafin a zo kan maganar ko gem yana da daɗi, tambaya uku ake yi masa. Yana cin data? Nawa ne nauyinsa a waya? Mutum biyu za su iya karawa da juna a cikinsa? In ya tsallake waɗannan ukun ya samu shiga, ko da 'yan wasan cikinsa ba a bambance fuskarsu da ƙeyarsu. In ya faɗi ko ɗaya, sai ya koma wajen 'yan Kaduna da Abuja, masu wuta da sabis. Ba ƙin sabon abu muke ba. Garinmu ne ya koya mana mu auna komai da man janareta da sandunan sabis.

Masu furfura kaɗan a gemu sun san inda aka faro. Akwai ɗan akwatin nan mai batir da ake jera bulo a ciki har ido ya yi ja. Akwai mai kaset ɗin da ake haɗawa da talabijin, a yi ta tsalle da Mario ana harbin agwagi da bindigar roba, an rubuta a jikin kaset ɗin wai wasanni dubbai ne, alhali guda biyar ne ke ta canza riga. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, sai macijin Nokia ya zama sarki, yaro ya yi ta yi wa yayansa aike don a ba shi aron minti biyar. Daga baya PlayStation ta sauka a shaguna, kuma tun daga ranar ba a sake samun zaman lafiya tsakanin abokai ba.

Ƙwallo ce ta kama mu, ita ce kuma har gobe. Winning Eleven na kamfanin Konami ya zo mana da mai sharhi yana ihu da Japananci, ba mu jin ko kalma ɗaya, amma kowa ya iya kwaikwayonsa. A lokacin duk wanda ya ɗauki Najeriya dabara ɗaya ce da shi: ya jefa wa Tijjani Babangida ƙwallo a gefe ya danne gudu. Ɗan Kaduna ne, ya buga wa Ajax, kuma Japanawan nan sun ba shi saurin da ko iska sai ta yi da gaske. Masu ɗaukar Brazil kuwa sai su ciro Roberto Carlos daga baya su kai shi gaba, wai shi ne mai cin ƙwallo. Da PES 6 ya fito a 2006 sai Adriano na Inter Milan ya zama abin rigima, har wasu shaguna suka kafa doka: ba a ɗaukar Inter sai an yi yarjejeniya.

Abin dariyar shi ne, Sony ta fito da PlayStation 2 a shekarar 2000, ta sayar da sama da miliyan 150, ta daina ƙera ta a farkon 2013, amma ba wanda ya aiko mana da sanarwar rasuwa. Konami ma PES 2014 ne na ƙarshe da ta yi wa wannan na'ura. Sai ga shi kana shiga wani shago ka tarar da Haaland a Manchester City, Osimhen a Galatasaray, duk a cikin tsohuwar PS2. Wasu gwanaye ne a can wata duniya ke zama su canza sunaye da riguna duk kaka, aikin ya bi ta Legas da Kano ya iso mana a filas. Gangar jikin ta shekarun baya ce, rigar ce kawai ta bana. Ka ce wa yaro wannan ba Haaland na gaskiya ba ne, ya ce maka, "Yaya, in dai yana cin ƙwallo ai shi ne."

Maganar saye kuwa, a nan ake gane mu da kyau. Sabon gem na asali na PlayStation 5 dala 70 ne a can Amurka. In ka canza shi a farashin da dala ta kai a ƙarshen 2024 ya haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a shekarar naira 70,000 ne. To wa zai ba da albashin wata da ɗoriya a kan faifai guda? Shi ya sa mu ba gem muke saye ba, na'ura muke saye, ta hannu, wadda aka riga aka cika mata ciki. Tambayar da ake yi wa mai sayarwa ita ce, "An buɗe ta? Guda nawa ne a ciki?" Ya lissafo maka ashirin, ka biya kana murna, ka dawo gida ka buga biyu kacal har ta mutu: ƙwallo da Mortal Kombat. In an gaji a ɗan leƙa GTA San Andreas a sace motar mutane a zaga gari a huce.

Lokacin sayen ma sananne ne. Ba mai zancen PS4 da damina, lokacin da kuɗi ke cikin taki da maganin feshi. Sai kaka ta yi, masara ta shiga buhu, sannan za ka ji samari sun fara lissafi. Yara kuma jarinsu barka da Sallah ce. Inda ake samun kayan ma ba ɓoyayye ba ne: Babbar Kasuwar Kaduna, ko Farm Centre da titin Beirut a Kano, su ma can daga Alaba ta Legas yawanci ake hauro musu da shi. Sai dai tsakaninmu da Kaduna akwai sama da kilomita 100 ta Udawa da Buruku, kuma an yi shekarun da ba wanda zai ce wa mahaifiyarsa zai bi wannan hanya saboda gem. Sai a haɗa da ɗan'uwa mai karatu a birni, ko a ba direba sallahu. Ka biya kuɗi ta waya, ka zauna kana addu'a biyu: Allah ya kawo direba lafiya, Allah ya sa hannun wasan na asali ne.

Ai hannun nan shi ne rabin gem. Kowane shago akwai hannu mai kyau guda ɗaya, da gurgu guda ɗaya wanda ɗan wasanka ke karkata hagu shi kaɗai ba ka taɓa komai ba. 'Yan gida sun san su, baƙo ne ake miƙa wa gurgun da fara'a. Wannan gurgun hannu kuwa ya rufa wa mutane da yawa asiri. Ba a taɓa cin ɗan Birnin Gwari don an fi shi iyawa ba. Ko dai hannu ne, ko wani ya gifta ta gaban talabijin, ko alƙalin wasan cikin kwamfuta ya karɓi na goro. In duk waɗannan sun ƙare sai a ce, "Ai dama ba da gaske nake ba."

Dokar shago ɗaya ce, ba a rubuta ta ba amma ba mai taka ta: wanda aka ci ya miƙa hannu, shi ne kuma zai biya. Mai nasara ya yi ta zama a benci har sai an samu wanda ya tashe shi. A nan ne kawai za ka ga ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya lallasa mai mata biyu, ya kuma ce masa da ladabi, "Kawu, a ƙara ko a bari haka?" Kawu ya duba agogo ya tuna ana jiransa. Masu kallo sun fi masu bugawa yawa, sun kuma fi su iyawa da baki. Mutum goma na tsaye a baya, kowa na ba da umarni, "Ba shi! Ba shi! Kai, buga mana!" Ba su biya ko sisi ba, amma in ba su a wurin wasan ba ya armashi.

Mai shago shi ne ke shan wahalar. Wutar gwamnati baƙuwa ce, in ta zo a yi mata maraba, ba a tambayar ta yaushe za ta koma. Janareta ne uban tafiya. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin wasa ya tashi, mintocin wasa suka ragu, masu hali suka koma sola. Yanzu in ka tsaya tsara 'yan wasa kana canza wannan kana mayar da wancan, mai shago zai ce, "Malam, mai fa kake ƙonawa, ba kofin duniya ba ne."

Su kuma 'yan waya duniyarsu daban ce. Ba a sayen gem, turawa ake yi. Mutum ɗaya ya sadaukar da datarsa da tsakar dare, washegari unguwa duka ta samu ta Xender, ko a je wajen masu tura finafinai a ba da ɗan canji. Matsalar ita ce wuri. Wayar da cikinta bai taka kara ya karya ba sai an yi mata sassabe kafin baƙo ya shiga, kuma hotunan bikin ƙanwa ne ke fara tafiya. Shi ya sa Dream League Soccer ya yi farin jini, ba shi da nauyi can, kuma ana iya buga wani ɓangarensa ba sabis. Shi ya sa ma Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya fito a 2017, ya fi PUBG da Call of Duty mabiya a wajen masu ƙananan wayoyi. An yi shi ne don irin wayoyinmu, a jefa mutum 50 tsibiri, cikin kamar minti goma a san wanda ya rage.

Shekarar 2021 ce ta raba gardama tsakanin ɓangarorin biyu. A ƙarshen Agusta gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta dakatar da kasuwannin mako-mako ta kuma hana sayar da fetur a jarka a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, don a toshe wa 'yan bindigar daji hanyar samun kaya. Ƙarshen Satumba aka hana hawa babur aka katse layukan waya, ba a dawo da layukan ba sai ƙarshen Nuwamba. Wahalar da mutane suka sha ta fi ƙarfin raha. Amma a ɗan lungunmu na 'yan gem, masu Free Fire da suka kashe kuɗi suna saya wa ɗan wasansu riguna da bindigogi sun wayi gari da kaya a inda hannu ba ya iya kaiwa. Tsohuwar PS2 kuwa ko a jikinta, in dai an samu mai, ko da za a ɗora janareta a baro a tura shi gidan mai. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo yana yabon wani gem sai a ce masa, "In an ɗauke sabis fa?"

Gem ɗin harbi kuwa har yanzu ba mu gama shari'arsa ba. A wani gari ƙarar bindiga daga waya nishaɗi ce. A garin da ke maƙwabtaka da dajin Kamuku da na Kuyambana, wanda bai manta harin da aka kai Gwaska cikin Mayun 2018 ba, wannan ƙara ba ta wasa ba ce. Yaro ya ƙure murya da daddare, uwa ta zabura ta fara laluben ƙannensa. Dattawa na cewa, "Wanda muke ji daga daji bai ishe ku ba, sai kun kawo mana shi cikin ɗaki?" Samari na cewa, "Baba, gara mu harba a waya mu kwana a gida." Kowa da gaskiyarsa. Sulhun da aka cimma a yawancin gidaje shi ne abin kunne: ka yi yaƙinka, amma kada kowa ya ji.

Kada kuma a ɗauka harkar ta maza ce zalla. Leƙa cikin gida bayan la'asar ka ga Ludo King ya haɗa uwargida da amarya da 'yar riƙo a kan waya ɗaya, ana rantsuwa wai lallai wayar na son kai. Hajiyar da ke faɗan yara sun lalace da gem ita ce ta yi nisa a Candy Crush har ba ta son a taɓa mata waya. Dattawan da ke bakin kasuwa suna dara tun hantsi su ne kan gaba wajen cewa samarin yanzu ba su da aikin yi. Ka zuba musu ido ka ga wanda aka ci yana tashi wani na zama, 'yan kallo na ba da shawarar da ba a nema ba, wanda ya sha kashi na cewa rana ce ta haske masa ido. In aka ce ɗa ya gaji ubansa, to a nan ma ba a yi ƙarya ba.

Inda muke haɗuwa gaba ɗaya shi ne iyaka. In aka kira sallah a kashe talabijin. Yaro da rigar makaranta ba ya zama a benci da safe, mai shagon kirki da kansa zai kore shi. In kuma kuɗi ya hau kan wasa, aka fara "ɗari biyar-biyar", to ya tashi daga gem ya koma caca, kuma daga nan ne ake fara taɓa kuɗin cefane da buhun da ke rumbu. Wannan ba sai malam ya hau mumbari ba, unguwa ta sani.

Tun da Gwamna Uba Sani ya zo a Nuwambar 2024 ya sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, motoci suka ƙaru a hanya, samari sun fara zuwa Kaduna da ƙafarsu su gwada na'ura kafin su biya. Har an fara jin masu cika baki wai bana in masara ta yi kuɗi sai PS5. Allah ya ba da iko, ya kuma ɗorar da zaman lafiyar. Sai dai duk wanda ya riga kawo ta ya san da saninsa ba tasa ba ce shi kaɗai. Ya tanadi benci mai tsawo da hannu na biyu, kuma don Allah wannan karon kada ya kawo mana gurgu.