Layi Ya Cika, Madugun Barci

Madugun Barci, Sarkin Jinkirin Salaga, mai waya uku ba ka ɗaga ko ɗaya, ina gaisuwa. A jarida na sako gaisuwar don na san ta nan kaɗai za ta riske ka: ranar da mai ƙosai ta ƙunsa maka na sidi biyar a cikinta, ka karanta kana lasar yatsa.

Ƙorafinka ya iso Yendi, amma ta Bawku ya biyo. Ka gaya wa Inna, Inna ta gaya wa direban motar albasa, direba ya tare ni a tasha. Wai tsohuwar kwamfutar da na saka maka Ubuntu ta ci amanarka. Ka juye hotunan biki uku a dare ɗaya, manhajar da ke kwafe su zuwa ma'ajiya ta tsallake kusan rabi, kai kuma ka goge katin kyamara da ƙarfin gwiwa. Washegari uwar amarya ta dira shagonka da ɗamara. Ka ce aljanu ne. Da aka matsa, ka ce ni ne. Haba taubashi! Halinka kwamfutar ta kwasa. Zama da maɗaukin kanwa ai shi ke kawo farin kai.

Gyara zama in yi maka karatu, kyauta, tunda kuɗin makarantar da Kawu ya biya maka sun bi ruwan Volta.

A cikin kwamfutar akwai maigida, ana ce masa kanel. Ka san maigidan Salaga na zamanin fataucin Gwanja: shi ke sauke fatake, shi ke tsare kaya, ba huhun goron da zai shiga ko ya fita bai sani ba. To kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, haka yake da fayiloli. Yana nan cikin wayoyinka na Android ukun ma, yana aiki kana minshari.

Da can, in manhaja tana son sanin ko an taɓa wani fayil, sai ta yi ta zarya tana leƙawa, kamar yaron da aka aika tasha ya duba ko motar Tamale ta iso. A 2001 aka kawo wani ɗan aike mai suna dnotify. Shi kuwa sai ya leƙo ya ce “an yi abu a ɗakin can”, ya ruga, ba sunan fayil ba bayani. Ga shi da riƙe ƙofar ɗakin da yake gadi, har filashi ba ya ciruwa sai ya saki. Na tuna da kai, ranar da ka kira ni tsakar dare ka ce “ka ji abin da ya faru?”, kati ya ƙare, ba ka sake kira ba sai bayan Sallah.

A 2005, cikin Linux 2.6.13, John McCutchan da Robert Love suka kawo inotify. Manhaja za ta ce wa maigida, “ka sa mini ido a kan wannan folda.” Daga nan duk motsin da aka yi, maigida zai rubuta 'yar takarda ya jera a layi: an ƙirƙiri fayil kaza, an buɗe, an rubuta a ciki, an rufe, an goge. Wadda ta riga shiga ita ke riga fita, ba tsallaken layi irin naka a gidan mai. Aikin manhaja ɗaya ne tal, ta zo ta kwashe takardunta. Nan gizo ke saƙar.

Maigidan yana da dabarar tsimi. In takardar da zai ajiye iri ɗaya ce sak da ta ƙarshen layi, kuma ba a karanta waccan ba, sai ya bar guda. Da za a ɗora maka wannan dokar, labarin yadda ka kusa faɗawa ruwa daga jirgin Makango zuwa Yeji da ya koma sau ɗaya, mu huta. Sai dai kai ba za ka kamu ba, don duk bayarwa sai ka ƙara wa kadan da ke cikin labarin tsawo. Bara ma ya yi magana.

Ga inda aka kama ka. Layin yana da iyaka, takarda 16,384 in ba a canza ba. Kada ka ce rowa ce. Takardun a ƙwaƙwalwar maigida suke zaune, in babu iyaka malalaci ɗaya irinka zai cinye ta, gidan duka ya tsaya cak. Yanzu ɗauko alƙalami, ko ka ari yatsun yaron shago. Kwafar hoto ɗaya kan iya haifar da takarda huɗu: ƙirƙira, buɗewa, rubutu, rufewa. Raba 16,384 gida huɗu, ka sami 4,096. Kai kuma ka antaya biki uku, kana kallon ƙwallo a kwamfutar, kana tura wa wani waƙoƙi a kati, tsohuwa tana nishi kamar jakin da ya taso daga Kano. Manhaja ta kasa kwashewa, layi ya cika, maigida ya fara watsar da sababbin takardu. Ku mutanen Salaga, garin rijiyoyi, kun fi kowa sanin karin maganar: rijiya ta bayar, guga ya hana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da maigida ke yi a wannan lokacin. Ba ya yin shiru. Yakan saka takarda ɗaya ta musamman a ƙarshen layi, ma'anarta: “Ya cika, na zubar da wasu, kada ka dogara da ni, je ka duba da idonka.” Manhaja mai tarbiyya in ta ga wannan, sai ta koma ta bi folda ɗaya bayan ɗaya ta ƙirga komai. Taka ta ga takardar ta kau da kai. Ka ga gadon hali? Ƙarfe da waya sun iya cewa “na yi sakaci”, amma jikan malamai, mai saƙo sama da dubu ba a buɗe ba, kullum amsarsa “wallahi netwok ne.”

Akwai wata kuma da za ta yi maka ɗaci. In aka ɗauke fayil daga wannan folda zuwa waccan, takarda biyu ake rubutawa, “ya tashi” da “ya sauka”, da lamba ɗaya a jikinsu don a gane kaya ɗaya ne. Kamar buhun albasa ne: alamar da aka shafa masa a Bawku ita za a nema inda aka sauke shi. Kamar Alhaji Umaru ne, malamin nan haifaffen Kano: ya tashi daga Salaga bayan da yaƙin 1892 ya watsa fatake, ya sauka Kete-Krachi, can ya zauna har rasuwarsa a 1934. Tashi da sauka, lissafi ya cika. Amma in an kai fayil inda maigida ba ya gadi, “ya tashi” kaɗai za a gani. Kuɗin sharata ke nan. Tun daren wutar Bugum ka ce ka turo ta MoMo. Takardar tashi na ji ta da kunnena. Ta sauka kuwa, ko sun bi ayari ta Sansanne Mango ne, da yanzu sun iso.

Kada in zalunci gaskiya, maigidan ma yana da nasa. Ba ya faɗin wanda ya taɓa fayil, abin da aka yi kawai yake faɗa. Folda ta cikin folda sai an ce masa ya gade ta daban. In daga wata kwamfuta aka yi canjin ta hanyar sadarwa, bai ma san an yi ba. Kuma takarda labarin ɗazu ce: kafin ka karanta “an ƙirƙira”, mai yiwuwa an goge. Kakanninmu sun san wannan, farashin goron da aka ji a Kano ba shi ake tararwa a Salaga bayan tafiyar watanni ba. Don rufe wata ɓarakar Eric Paris ya kawo fanotify, ya fara aiki a farkon 2011. Shi yana iya nuna wace manhaja ce ta taɓa fayil, har ya tsayar da mai buɗewa a bakin ƙofa sai mai gadi ya ce “shiga”. Masu farautar cutar kwamfuta na amfani da shi. Ina roƙon Allah kada a taɓa ba ka wannan gadin. Mutum zai danna hoto da rani, ya buɗe da damina.

Na ji kana cewa, to a faɗaɗa layin mana. Ana iya yi, lamba ɗaya ce zan canza maka in na zo. Amma wanda ba ya zazzage aljihu, ko buhu aka ɗinka masa cika zai yi. Kuma ka daina goge kati kafin ka ƙirga hotuna, kai ma ka sani.

Ni ma ba wankakke ba ne, na yarda. Inna ta ce ta kira ni sau huɗu ranar Juma'a. Amma ni na amsa laifina, na aika mata atamfa, ta sauka kuma, da shaidu.

Saboda haka ga takardarka ta musamman, daga dangi gaba ɗaya: layi ya cika, mun zubar da saura. An yi haihuwa biyu ba ka sani ba. An sa ranar auren ƙanwarmu. Ɗan da ka bari yana rarrafe yanzu yana gyara wa mutane waya, ya fi ka kuma. Ba mai sake turo maka komai. Damba ta kusa, makaɗa sun fara ɗaure ganguna a ƙofar fadar Ya-Na. Hau babur ɗinka ka biyo ta Bimbila, ka shiga gida gida ka ƙirga mu da idonka, gani ya kori ji. Ka taho da doya, ta Salaga, manya, ba irin 'yan yatsun da ka aiko bara ba. Tuwon zafi da miyar ayoyo suna jiranka, shimfiɗarka tana nan inda ka bar ta, har da ramin da bayanka ya yi.

Hajiya mai ƙosai, na san ke za ki riga shi karantawa. Don Allah ki gaya masa da baki, sannan ki riƙe canjinsa. Nawa ne.